Mi za mu kira "part number" da Hausa?

Mai safaya, Mabera:
Salamu alaikum. A gareji muna cewa fat namba, amma rubuta ta cikin Hausa ba ta zama daidai. In an ce lambar mota, hankali na tafiya ga farantin lamba da ke gaba da bayan mota. In an ce lambar inji, wannan ta gaba ɗayan inji ce da ke cikin takardun mota. Abin da muke nema suna ne ga lambar da kamfani ya ba kowane guntun ƙarfe, wadda da ita ake gane famfon ruwan Peugeot 504 daga na wata mota. Ni dai na kawo lambar kaya.

Bakanike, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kaya ya yi faɗi, har buhun gero kaya ne. Ƙara kalma guda, lambar kayan gyara. Amma akwai matsalar da ta fi wannan: lambobi biyu ne ke kan ƙarfe, mutane na haɗa su. Akwai wadda ta taso sama, tare da ƙarfen anka zuba ta cikin mazubi. Akwai wadda ta nutse ciki, da guduma ko inji anka buga ta bayan an gama aiki. A tof silinda, wato kan inji, na Volkswagen kunkuru mai inji cc 1600 mai hanyar iska biyu, za ka ga 113 101 375 A a tashe, alhali cikakken kan da bawul-bawul ɗinsa a littafin kamfani 113 101 355 A ne. Wanda ya tafi da ta farko ga mai duba littafi sai a ce masa babu.

Malamin Hausa, Arkilla:
To ai Hausa ta riga ta tanadi wannan. Masu tukunyar alminiyam zubi suke yi, don haka wadda ta taso lambar zubi ce. Wadda ta nutse, lambar bugu. Na so in ce tambari, sai dai tambari ya fi dacewa da alamar kamfani, kamar zakin Peugeot ko tauraron Mercedes, kuma mu nan Sakkwato tambari na da nasa wuri a fada.

Mai gyaran wuta, Gidan Igwai:
Malam, na yarda da zubi da bugu. Sai dai ko wace kalma anka ɗauka, a koya wa yara cewa lambar na magana. Ta Bosch goma ce: 0 231 a gaba distirbuta ke nan, 0 001 kik, 0 120 altaneto, 0 221 koyil. Ukun ƙarshe su ke raba gardama. 0 231 178 009, wadda kowa ke kira 009, ba ta da kwanon bakum, nauyin da ke juyawa cikinta kaɗai ke gabatar da wuta, wato sa tartsatsin fulogi ya zo da wuri. In ka ɗora ta kan kafireta Solex 34 PICT-3, mota za ta riƙa shaƙewa daidai lokacin da anka taka totur daga tsaye, a yi ta kwance kafireta alhali laifin na distirbuta ne.

Bakanike, Runjin Sambo:
Haka lambar Peugeot: huɗu a gaba, ɗigo, sai biyu a ƙarshe. 0209 gaskit ɗin tof silinda, 1201 famfon ruwa, 1109 filtar baƙin mai. Huɗun farko iri kawai suke gaya maka. 504 ɗin da anka fara haɗawa Kaduna a 1975 da 'yan uwanta na Faransa ba inji guda ne gare su ba: mai cc 1796 faɗin silindarsa milimita 84, mai cc 1971 kuwa 88. Gaskit ɗin ƙarami kan babban inji, bakinsa zai leƙo cikin wuta ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Biyun ƙarshe na lambar su ke hana wannan kuskure.

Mai safaya, Mabera:
Saura guda, Malam. Kamfani kan soke tsohuwar lamba ya ba kayan sabuwa. Lambar maye?

Malamin Hausa, Arkilla:
A'a, Alhaji, a rubuce ba a raba maye gurbi da maye mai kama kurwa. Magajiyar lamba ta fi, kowa ya san magaji. Ga abin da munka tsayar: lambar kayan gyara ita ce uwa, a baki a gajarta ta lambar gyara, sai lambar zubi, lambar bugu, da magajiyar lamba.

Mai gyaran wuta, Gidan Igwai:
Madalla. Wajen karanta ta bugu kuma, a wanke wurin da kananzir, a goge da buroshi mai laushi, a shafa alli ya cika ramukan, a share sama, sannan a haska tocila daga gefe ba daga sama ba. Kada a sa sanfefa ko giranda kan alminiyam, bugun ba shi da zurfi, shafa biyu ta tafi da shi. 3 da 8 da B su ke yawan ruɗa ido, don haka a ɗauki hoto, a kwafe harafin ƙarshe ma, sannan a tafi kasuwa da tsohon ƙarfen a hannu.