Neman shawara: hanyar burji mara hayaniya don hawan keke a kusa da Kano

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da keke mai giya, faɗin tayarsa milimita 32, kuma motoci da 'yan adaidaita sun hana ni sakat a kwalta. Ina neman hanyar burji ko ta tsakuwa da ke ratsa gonaki da itatuwa, kamar kilomita 40 zuwa 60 zuwa da dawowa. Wani ya ce in gwada dajin Falgore. Ina ya kamata in fara, kuma me zan gyara a jikin keken?

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar Falgore tukuna. Ka ɗora keken a mota ka sauka Kura ko Kadawa a kan titin Zariya, ka kama hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwan noman rani. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, kuma manyan magudanan suna da hanyar jar ƙasa a gefe da aka yi domin masu kula da su. Babu hawa babu gangara sosai, abin da za ka gamu da shi babur ne da amalanke da manoma. Daga nan kana iya lanƙwasawa ta wajen Bunkure, in ƙafa ta saba ka miƙa yankin Rano inda duwatsu da manyan itatuwa suke. Abu uku ka kiyaye. Ko da rani za ka tarar da taɓo a inda ruwa ya ɓalle daga ƙaramin magudani ya tsallaka hanya. Sannan lokacin kakar tumatir ka kauce wa Kwanar Gafan, motocin kwanduna sun cika wurin. Kada zafi ya ja ka shiga ruwan magudanan: gefen simintin yana da santsi, ga kuma tsargiya.

Mai faci: Yallaɓai, hanya ba za ta ba ka wahala ba kamar tayar nan taka. Milimita 32 ta yi siriri ga burji mai gargada. Ka auna sararin da ke tsakanin taya da jikin keke, in zai ɗauka ka sa 40 ko 45, amma ka bar aƙalla milimita 5 kowane gefe, in ba haka ba laka za ta cushe ta tsayar da ƙafar.

Sai iska. Yawancin masu zuwa daga kwalta suna ɗura wa taya iska har ta yi tauri, sai keken ya dinga tsalle a kan tsakuwa, hannu ya mutu, ƙafar baya ta riƙa zamewa. Mai nauyin kilo 70 a kan taya 40 mai tib, PSI (ma'aunin iskar taya) 35 zuwa 40 ya ishe shi, ta gaba ta gaza ta baya da kaɗan. In ka rage fiye da kima kuma, da ka daki dutse ƙarfen ƙafar zai matse tib ɗin ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Da ka ga irin wannan huda, ka san iska ce ta yi kaɗan, ba ƙaya ba.

Ƙaya kuwa ita ce babbar mai cin tib a ƙasar nan: tsidau a bakin hanya, bagaruwa da farar ƙaya a inda aka yi shingen gona. Kada ka jingine keke a gindin aduwa. In taya ta sace, kafin ka sa sabon tib ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka zaro ƙayar, in ka bar ta ba za ka yi kilomita ɗaya ba ta sake hudawa. Ka riƙe tib biyu, kayan faci da sholisho, famfon hannu, da ƙarfen cire taya biyu.

Ɗan tsere: Ni dai da zai iya, ya koma taya mara tib, a zuba ruwan toshe huda kamar mililita 60 a kowace. Hudar tsidau tana toshewa kana cikin tafiya. Illarsa, zafinmu yana busar da ruwan cikin wata biyu zuwa uku, sai an ƙara.

Mai faci: Gaskiya ne, amma sai ƙarfen ƙafar ya zama irin wanda aka yi don haka, kuma mai facin ƙauye ba shi da ruwan toshe hudar. Ko ya koma, tib ɗaya dole a aljihu. Na manta sarƙa: kada a shafa mata baƙin mai. Ƙurar burji tana manne masa ta zama kamar abin wasa wuƙa, ta cinye sarƙa da haƙoran giya. A goge da tsumma, a ɗiga man sarƙa mara danƙo, a sake goge na waje.

Hajiya mai keke: Ƙanena, kan lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne daidai, ƙasa ta bushe, rana ba ta yi ƙarfi ba. Ka tashi bayan Asuba ka gama kafin sha ɗaya. Ruwa kamar rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, kuma hunturu yana ruɗi, gumi na bushewa ba ka ji ba. Gora ɗaya ka haɗa ta: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. A burji kada ka yi lissafin gudun kwalta, kilomita 50 za ta iya cin awa uku da rabi. In ka shiga yashi, ka sauko giya tun kafin ka kai, ka mayar da nauyinka baya, ka ci gaba da taka feda, kada ka taɓa birkin gaba.

Baban Rano: Kan Falgore: dajin ya daɗe da labarin ɓarayin shanu da masu garkuwa, kuma yanayin yana canzawa daga wata zuwa wata. Ba wurin da mutum zai kutsa shi kaɗai a keke ba ne. In inuwar itace kake so, kurmin mangwaro da ɗorawa da kuka na bakin ƙauyuka ya wadatar. Ku tafi ku biyu ko uku, ka bar wa na gida sunan garuruwan da za ka bi da lokacin dawowa, ka sauke taswira a waya domin sabis yana ɗaukewa. In ka shiga gari ka yi sallama, ka tambayi masu shayi ko 'yan acaɓa halin hanyar gaba, sun fi taswira sani. Garken shanu kuwa, ka sauka ka gaida makiyayi ka jira su wuce. Kare in ya biyo ka kusa da ruga, ka tsaya ka sa keken tsakaninku.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na auna, 40 za ta shiga. Zan fara da Kura ranar Asabar, wanda ke da sha'awa ya yi mini magana.