Tayar tubles a keken daji: me za a gwada kafin a fara tsere?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana keke. Janti inci 29 ne, an rubuta TLR a jikinsa, wato na tubles ne da ake hawa ba shambur, faɗin cikinsa milimita 25, tayoyin kuma faɗin inci 2.25, su ma na tubles. Saura kamar sati shida a fara tsere, hanyar atisaye kuwa rairayi ne da duwatsun bayan Birni har wajen Mirya, ga tsidau ko'ina. Ruwan liƙi, wato mai toshe huda a cikin taya, nawa ake zubawa, iska nawa, kuma zafin Damagaram ba zai busar da ruwan kafin ranar ba?

Makaniken Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun da janti da taya duk na tubles ne, rabin aikin ya ƙare. Amma ka ajiye maganar ruwa tukuna, domin mafi yawan tayar da ke kwana ta wayi gari ba iska, laifin tef ne.

Cire tsohon ƙyallen janti, ka goge cikin da alkol na farmasi, ka bari ya bushe. Ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta hana tef kamawa. Nemi tef ɗin tubles da ya fi cikin janti faɗi da milimita 2 ko 3, naka ke nan 27 ko 28, don ya bi kwarin tsakiya ya kai bango da bango. Fara kamar santimita 10 kafin ramin bawul, ka riƙa ja da ƙarfi kana dannawa da babban yatsa, ka zagayo ka wuce ramin da wani santimita 10. Ramin bawul kuwa ka huda shi da tsinke, ƙarami, kar ka yanka da reza. In ya tsage, iska za ta shiga cikin janti ta fito ta gindin wayoyi, kai kuma ka yi ta ɗaure bawul a banza. Goron bawul da hannu ake ɗaure shi. In ka sa filaya, ranar da kake son sa shambur a daji ba za ka iya kwance shi ba.

Sa taya ka duba kibiyar juyi a gefenta. Shafa ruwan sabulu a leɓenta duka gefe biyu, ka cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da yawa lokaci guda. In famfon hannu ya kasa, kwamfuresar mai faci za ta yi, amma ka tsaya a kansa: bar 2.5 a ma'aunin iska ya isa, su kuwa sun saba da tayar mota. Za ka ji ta yi ƙara tas tas. Duba siririn layin da ke gefen taya, ya fito daidai ko'ina. Daga nan sai ka saki iskar, ka ɗura ruwan liƙi ta bawul da sirinji, mililita 100 zuwa 120 kowace taya. Girgiza kwalbar sosai kafin ka ɗiba, don ƙwayoyin da ke toshe huda a ƙasa suke kwanciya. Mayar da ƙwayar bawul, ka hura, ka girgiza ƙafar, ka kwantar da ita kan bokiti minti goma kowane gefe, sannan ka hau ka ɗan zaga.

Mai Sifana:
Abin da Malam makanike ya faɗa haka yake. A kan iska: mai nauyin kilo 70 ya fara da bar 1.6 a gaba, 1.8 a baya, ya riƙa ragewa 0.1 kowace fita a hanya guda. A rairayi iska kaɗan tana sa taya ta shimfiɗu ta daina nutsewa. A duwatsu kuwa, in ka ji janti ya bugi dutse, ko ka ga jiƙar ruwa a leɓen taya bayan kwana mai kaifi, to leɓen ya ɗaga ya saki iska, ka ƙara 0.1 ko 0.2. Ka auna a inuwa da ma'auni ɗaya kullum. Tayar da aka hura da sanyin asuba aka bar ta a rana tana iya ƙara kusan 0.2.

Ɗan Birni:
Na gode. Saura maganar bushewa. Wani ya ce a ƙara ruwan famfo in ya fara kauri.

Tsohon Ɗan Tsere:
Kar ka yi haka, ɗana. Ruwan liƙin irin na kamfanin Stan's ƙaron roba ne a narke, in ya daskare ya zama dunƙule ruwa ba ya mayar da shi. Watannin da ake rubutawa a kwalba kar ka dogara da su, a bazararmu da zafi ke haura digiri 40 ka duba duk sati uku ko huɗu. Girgiza ƙafar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara mililita 50 ko 60. Kar ka haɗa na kamfani biyu, kar kuma keken ya yini a rana. Ƙaramar kwalbar gas ta CO2 ma tana iya daskarar da shi, in ka yi amfani da ita a tsere ka saki iskar a gida ka sake hurawa da famfo.

Tsidau da ƙarangiya ba abin damuwa ba ne, ruwan zai rufe kafin ka lura. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa in ta shiga ta karye a ciki, ƙyale ta. Yankan dutse da ya kai milimita 5 ko 6 shi ne ke buƙatar zaren faci, irin na tubles ɗin babur amma siriri, kuma ka koyi cusa shi a tsohuwar taya tun yanzu. Shambur ɗaya ya zauna a aljihu. Kafin ka sa shi, shafa cikin tayar da tsumma ka zare duk ƙayoyin da ruwa ya rufe a kansu, in ba haka ba nan take za su huda shi.

Ka haɗa tayoyin a wannan satin. Kwana biyun farko taya sabuwa takan rage iska, hakan ba matsala. In bayan kwana uku tana wayar gari a kwance, shafa ruwan sabulu ka ga inda kumfa ke fita: in ta gindin wayoyi ne, sai an sake tef. Ana saura kwana uku tsere ka ƙara ruwa, daga nan kar ka sake buɗe leɓen tayar.