Allurar ekzozom ga gyambon mai ciwon suga: a yi ko a dakata?

Rabi: Salamu alaikum. Gyambon ƙafar kawuna a Tawa ya shiga wata biyar, ciwon suga ne. An ce mana a waje ana allurar ekzozom, tana tsirar da sabbin jijiyoyin jini, ciwo ya rufe. Ni dai na gamsu, har mun fara haɗa kuɗi.

Mamman: Ƙanwata, maganar tana da tushe. Ekzozom 'yan mitsi-mitsin ƙunshi ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, nanomita 30 zuwa 150, ɗauke da saƙo zuwa wasu ƙwayoyin. Kuma akwai masu gadi na garkuwar jiki da ake kira TLR, guda 10 ga ɗan Adam. Idan ɗaya daga cikinsu, TLR4, ya ji ƙamshin bakteriya, ƙwayar takan canza kayan da take zubawa a ƙunshin. A 2015 an gwada irin wannan ekzozom a ɓeraye masu ciwon suga, rauninsu ya fi saurin warkewa.

Dokta Hadiza: Mamman, ka faɗa da bakinka: ɓeraye. Ina nan Yamai ina wanke irin wannan ƙafa kullum, ba wanda ya fi ni son ganin maganin. Amma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2019 bayan wasu sun kwanta ciwo sosai a jihar Nebraska sanadin wannan allurar. Kwalbar da za a sayar wa Rabi, wa ya san daga wace ƙwaya aka tatso ta?

Mamman: Ranki ya daɗe, yawancin magungunan zamani daga ɓera suka faro.

Dokta Hadiza: Haka ne, da yawa kuma a ɓeran suka tsaya. Ga abin da ya fi damuna. Tun 1971 wani likitan Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙarin daji ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini. Ƙwayoyin daji su ma suna aika ekzozom don wannan aikin. Ruwan da ke shayar da gero shi ke shayar da ciyawa. Kawun Rabi dattijo ne, ba mu san me ke kwance a jikinsa ba.

Salisu: Ina bayan Dokta, amma kada a tsorata mutane. Ban ga shaidar cewa allurar ta sa wa wani daji ba.

Dokta Hadiza: Ban ce ta sa ba, Salisu. Cewa nake ba a auna ta yadda zan ɗora ƙafar mutum a kai ba.

Rabi: To Anti, mu zuba ido har a yanke ƙafar?

Dokta Hadiza: Allah ya kiyaye! Kuɗin nan ku sa a awon suga da insulin idan likitansa ya rubuta. A cire mataccen nama, a duba ko jini na isa ƙafar, ya daina taka ta. Turo mini hoton ciwon yau kafin magariba, da sakamakon awonsa na ƙarshe.