Muhawarar masu R (yaren kwamfuta na lissafi) na Tawa: ya isa a ba matrix(), mai gina teburin lambobi, jeri ta maimaita da kanta?

Sani: Ni dai ina kan bakana. In kana da v <- c(10, 20, 30), farashin gero, dawa da wake, kana son shi a layi 4, rubuta matrix(v, nrow = 4, ncol = 3) kawai. R na maimaita jeri da kanta, ba sai an sa rep, umarnin maimaitawa, ba.

Hadiza: Tana maimaitawa, amma daga sama zuwa ƙasa take cikawa, ba kwance ba. Buga ka gani, Sani. Layin farko zai fito 10 20 30, ka ce komai daidai. Na biyu 20 30 10, na uku 30 10 20. Farashin wake ya koma gidan gero. Kuma babu gargaɗi, tunda 3 ta raba 12 ba saura.

Sani: To a ƙara byrow = TRUE don ta cika layi-layi, magana ta ƙare.

Malam Issufu: Ta ƙare a nan, amma ba a nan mutane ke faɗuwa ba. Wanda ya saba da wannan tunani shi ke rubuta x - colMeans(x), yana zaton ya cire matsakaicin kowane ginshiƙi na teburin x. Maimaicin ya bi ta tsaye, lambobi sun fito da kyau a ido, sakamakon kuwa ya lalace. Abin rubutawa shi ne sweep(x, 2, colMeans(x)), ko scale(x, scale = FALSE).

Hadiza: Malam, ni rep(v, each = 4) na fi so. Yana ba da 10 sau huɗu, sannan 20, sannan 30, daidai yadda matrix ke ci. Amma times = 4 ba tare da byrow ba, matsalar Sani ce ta dawo.

Mariyama: An ce sweep na rage cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ya sa nake binsa.

Malam Issufu: A'a, ƙanwata. Sweep ma yana gina cikakken tebur a ciki kafin ya cire. Lamba ɗaya bayit 8 ce, layi miliyan 1 da ginshiƙi 10 kusan megabayit 80 ke nan, ta kowace hanya. Amfaninsa shi ne mai karanta umarnin ya ga 2, ya san ginshiƙi ake nufi.

Sani: Ban yarda gajeriyar hanyar laifi ce ba. Da byrow tana aiki, kuma ita ta fi saurin rubutu.

Hadiza: Tana aiki, sai dai in v na da sunaye, matrix na zubar da su. In m ne teburin, sa colnames(m) <- names(v), ka duba layi na biyu kafin ka tura.