"Da tsohuwar zuma ake magani": har da tsohuwar jif?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Masana karin magana ku zo ku raba ni da yayana. Jif gare ni, Land Cruiser 'yar 2002 mai silinda takwas ɗin nan, tun lokacin da mai yake araha na saye ta a hannun wani, yanzu wallahi ta zame min ƙarfen ƙafa, duk ranar da zan shiga gidan mai sai na ji gabana na faɗuwa. Na ce zan sayar na ɗauki Corolla ko Vibe 'yar Kwatano, Yaya ya ce a'a, wai da tsohuwar zuma ake magani. Ni kuma a zuciyata na ce sabo turken wawa, amma ban furta ba don ina son zaman lafiya. To shin wannan karin maganar tana hawa kan mota kuwa, ko Yaya ya ɗora ta inda ba wurinta ba?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ba ka furta ba, don sabo turken wawa ba maganar da ƙane zai jefi yayansa da ita ba ce, ta sa'anni ce ko wadda mutum zai faɗa wa kansa. Ita kuwa ta zuma, yadda muka taso muka ji manya na amfani da ita, a kan mutane aka fi faɗarta: an sa yaro aiki ya kasa aka koma wurin dattijo ya warware, ko an yi ta rawar kai da amarya ciwo ya zo uwargida ce ta tsaya, ko tsohon aboki da ya fito ranar da sababbi suka gudu. Kuma akwai dalilin da ya sa zuma aka zaɓa ba madara ba, zuma ba ta da ruwa sosai shi ya sa take shekaru ba ta lalace ba. Wato sharaɗin maganar shi ne abin ya zama irin wanda daɗewa ba ta rage shi. Mota kuwa kullum raguwa take, roba na bushewa, gaskit na ƙonewa, waya na cinyewa. A ganina Yayanka ya ja maganar ta wuce iyakarta.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Malam ranka ya daɗe ban yarda da kai duka ba. Ni safaya nake sayarwa, kuma wannan samfurin da Toyota ta yi daga 1998 zuwa 2007 inji ne mai lita 4.7 wanda in ana yi masa juyen baƙin mai a kan lokaci zai iya binne motoci uku a gabansa. Sau nawa muke ganin sabuwar mota fil ta kafe a laka sai tsohuwar jif ta zo ta ja ta? to wannan ba tsohuwar zuma ba ce? Amma fa gaskiya ɗaya ce, Baban Ummi kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ranar da ka sayi silinda takwas ka san ba rake take sha ba hhh

Baban Ummi: Yo ai a lokacin lita ko naira 200 ba ta kai ba ɗan uwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo mun haura 500, kafin ƙarshen 2024 mun ga sama da 1,000. Tankin nan lita 96 yake ci, kai ka lissafa. Rariyar da na saya daban, wadda take hannuna yanzu daban.

Hajiyar Tarauni: Ku duka kun bar wurin da ya fi muhimmanci a maganar. An ce MAGANI ake yi da ita, ba a ce tuwon dare ba. Tsohuwar zuma a kwalba ake ajiye ta, sai tari ya kama yaro a ɗebo cokali ɗaya a mayar a rufe, babu mai shan ta safe da rana da dare. Don haka ko da mun yarda jif ɗin zuma ce, tambayar ita ce sau nawa ciwon yake tashi? Alhaji kai daji kake shiga kullum ko kuwa yara kake kaiwa makaranta da ita?

Baban Ummi: Hajiya kin taɓo wurin. Gona gare ni can wajen Doguwa, da damina nake leƙawa jefi-jefi, kuma in an sauka daga kwalta hanyar sai a hankali musamman watan Agusta. Amma kullum ta Allah daga Rijiyar Zaki ne zuwa Kantin Kwari, in sauke yara a hanya, in tsaya a cunkoson Kabuga ina kallon allurar mai tana sauka.

Hajiyar Tarauni: To ka ga. Kana shan magani alhali lafiyarka ƙalau.

Direban Dawanau: Bari in sa baki da abin da na sani don na tuƙa duka biyun. Irin jif ɗinka a cikin gari da ƙyar lita ɗaya ta kai ka kilomita 5 zuwa 6, in AC na kunne ga cunkoso ma ba ta kaiwa, kuma ƙafafunta huɗu duk suna ja ne ko kana kan kwalta ko kana cikin yashi, ba a kashewa. Corolla mai inji 1.8 lafiyayya tana ba ka 10 zuwa 12, tankinta lita 50. Sannan ba mai kaɗai ba ne, ita jif fulogi takwas Corolla huɗu, baƙin mai jif ta kusa lita 7 Corolla wajen 4, taya ɗaya ta jif sai ka ƙara kaɗan ka sayi biyu na ƙaramar mota, ga ita bel gare ta na taimin da dole a canza in lokacinsa ya yi, ita kuwa Corolla sarƙa ce. Vibe ɗin da ka ambata inji ɗaya ne da Corolla, Toyota Matrix ce aka sa mata sunan Pontiac, shi ya sa duk bakaniken da ke Kwakwachi ya san cikinta. Ni karin maganata ita ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, shi ke nan.

Na Kurna: Ku bi a hankali dai, kar garin neman gira a rasa ido. Jif ɗin nan ya san ciwonta, ya san ƙarar da take yi in za ta ba da matsala. Ita 'yar Kwatanon wa ya san tarihinta? Wata ambaliya ce ta shanye ta a Amurka aka shanya ta aka turo, wata mummunan haɗari ta yi aka buge aka yi mata fenti, an mayar da mita baya, an cire indomin salansa, wato matatar hayaƙi, an sayar. Wata ma ba tokumbo ba ce, a Legas aka gama morarta aka cire lamba aka yi mata kwaskwarima. Ni an taɓa yi min haka a wurin wani dila, wata biyu giya ta fara fizga.

Malam na Gwale: Gargaɗinka daidai ne Na Kurna amma karin maganar ba ta zauna ba. Gira ado ce, ido shi ne asali, ana faɗarta ga wanda yake da abin da ya ishe shi ya tafi neman ƙari na ƙawa har ya rasa babban. Shi Baban Ummi ba ƙawa yake nema ba, sauka ma zai yi daga babba zuwa ƙarama. Da a ce Corolla gare shi ya ce zai sayar ya ci bashi ya sayi jif don a gan shi a wurin ɗaurin aure, nan ne za a ce masa gira da ido. Wadda ta fi kusa da nufinka ita ce an je neman ƙiba an samo rama, ko kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na Kurna: Malam ni dai ko wacce ce a ciki ya gane saƙon. Amma ina ja da kai kaɗan, a wurina ido shi ne mota mai tashi kullum da safe, gira kuma rarar kuɗin mai da yake hange. Karin magana ai ba aya ba ce da za a ce fassararta ɗaya.

Malam na Gwale: Ba aya ba ce, amma kuma ba riga ce ta aro da kowa zai zura ba. Mutumin da kuɗin mai ke cinye masa kuɗin cefane ba za ka kira rarar da yake nema gira ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ku bar ni in faɗi abin da ba ku so ku ji. Masu sayen silinda takwas yanzu sun yi ƙaranci, dillali zai zo ya taya maka ita kamar ya tsinta a bola, ita kuwa Corolla tun da aka saki naira a 2023 kuɗin tokumbo ya yi sama kuma kowa ita yake nema. Zai iya yiwuwa ka sayar da giwa sai ka yi ciko kafin ka sayi akuya. Ka zauna da biro, cikon da za ka yi, da la'adar dillali, da kuɗin rajista, da gyaran farko don babu motar hannu da ba ta buƙatar wani abu, ka raba da abin da za ka rage na mai a wata, sai ka ga wata nawa zai ɗauka kafin kuɗinka ya dawo. In ka ga an karya maka farashin Corollar sosai kuma ka gudu, araha ba ta ado. Takardun kwastam ka kai a tantance da kanka, a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, duk wanda ya ce maka ta Maigatari ko Jibiya ta shigo "ba matsala" to kai za a tare a hanyar Kaduna ba shi ba.

Auta: Me zai hana a mayar da ita mai gas? CNG ɗin nan da ake ta magana, tunda jif ce akwai wurin ajiye tukunya a baya

Direban Dawanau: Auta yana yiwuwa, amma kuɗin juyawar ba kaɗan ba ne, kuma shi da matsalarsa hanyar Doguwa ce a ina zai sha gas a can? Sannan gas ba ya hana shoka mutuwa ko lagireto yoyo.

Hajiyar Tarauni: Ni fa ina zargin akwai abin da ba a faɗa ba. Ba zuma ce damuwar ba, "me mutane za su ce" ne. A ga Alhaji da ya saba sauka daga jif a bakin Kwari yau ya fito daga Corolla, kafin azahar an ce ya karye, masu ba da kaya bashi su fara ja baya. Wannan gaskiya ne a kasuwa ba na raina shi, amma a kira shi da sunansa, kar a laɓe a bayan karin magana. Iyayenmu ma haka suka yi da Fijo 504 ta Kaduna, wadda aka fara haɗawa tun 1975, ana cewa babu mota sai ita, yanzu je ka ƙirga nawa suka rage a Titin Zoo.

Baban Ummi: Hajiya Allah ya bar mu da ke, wallahi akwai wannan a ciki, kuma ba a wurin Yaya kaɗai ba har da ni.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ah to ashe turken naka ne kake neman ɗaure wani a jiki hhhh

Malam na Gwale: Shi ya sa na ce ita wannan maganar mutum ya fi kyau ya faɗa wa kansa. Turke ba ya bin dabba, ita ce take komawa gindinsa ko an kwance igiyar. Amma kar a ɗauka duk sabo wauta ne, sabon da ya sa ka san motarka ciki da waje riba ce kamar yadda Na Kurna ya ce, wanda ake zagi shi ne wanda kake cutuwa kuma ka kasa tafiya.

Direban Dawanau: In gonar ce ke riƙe ka akwai tsakiya, RAV4 ko CR-V mai silinda huɗu, ta fi Corolla tsayi daga ƙasa, ta fi ta shan mai kaɗan amma ba ta kama ƙafar jif ba. Ko ka ɗauki Corollar, ranar da za ka gona da damina ka yi hayar Hilux ko ka bar motar a bakin kwalta ka hau mashin kamar yadda mutanen garin suke yi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Auta: mu daidai ruwa daidai ƙurji muke ji a gidanmu

Malam na Gwale: Duka biyun ana faɗa Auta. Ta tsaki daga madafa ta fito, ruwan da ka ɗora shi zai nuna maka yawan tsakin da za ka zuba, ita ce ta dace da mai lissafin aljihu.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a. Ranar Asabar zan fara zagaya wurin diloli in ji farashi tukuna, ban yanke ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ka tafi da bakanikenka ba na dila ba, kuma da sassafe kafin su ɗumama injin, don mota a sanyi take faɗar gaskiya. A sa mata kwamfuta, ka ɗaga kafet ka shinshina ko akwai warin laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujera, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba alamar ruwa, ka leƙa salansa ko tana shuɗin hayaƙi don wasu tsofaffin 1.8 ɗin suna shan baƙin mai. In ka ga an wanke inji fes yana ƙyalli ka tambayi me ake ɓoyewa. Kuma kafin ka ba dillali jif ɗin ka turo min hotonta, akwai wani mai gonar shinkafa a Kura da ya daɗe yana damuna da neman irinta.