Wanke kabon da magani: in bari a yi wa Corolla ta ko in dakata?

Malamin Lissafi, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san inji, kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Corolla gare ni ƙirar 2006, mai inji 1.8, 'yar Kwatano na saye ta, yanzu mita ta haura mil 186,000. Aikinta kullum ɗaya ne: in sauke yara a makaranta in wuce wurin aiki, tafiyar da ba ta cika kilomita 6 ba, rabinta kuma a cunkoson Kabuga ake cinye ta. Sai in yi wata huɗu ban fita da ita bayan gari ba.

Tun shigowar hunturu ta sauya mini. Da safe silo, wato juyin inji idan mota na tsaye, ba ya zama, sitiyari na karkarwa a hannuna, in na kunna AC kamar za ta mutu. Idan zan hau gada na taka totur, sai in ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man da ke kai ni mako yanzu kwana biyar ne.

Bakanikena ya ciro fulogi ɗaya ya nuna mini, baƙi ƙirin, busasshe kamar kunkunniya, na shafa ya ɓata mini yatsa. Ya haska tocila ta ramin fulogin, kan fiston ma haka. Ya ce kabon ne, sai an wanke. A gabana ya yi wa wata motar: ya zare tiyon iskar da ke zuwa sabo (servo) na birki, ya tsoma bakinsa a kofin magani, yaronsa na taka totur, farin hayaƙi ya turnuƙe garejin har masu shayi suka tashi. Ya ce mini kabon ne ke fita.

Wani abokin aikina ya ce kananzir zan zuba a baƙin mai kafin juye. Wani kuma ya ce kwalba ɗaya ta cikin tanki ta wadatar. Motar nan ita ce ƙafata da ta iyalina, kuma ba ni da kuɗin sayen wani injin. Wanne ne ke aiki da gaske, wanne ne ke ɓarna?

Tsohon Bakanike, Panteka

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sayi ko da gwangwani ɗaya, duba mini abu biyu. Fankar lagireto, da ka murɗa makulli take tashi, ko sai inji ya ɗauki zafi? Sannan ka tambayi mai yi maka aiki ko tamostat ɗinka na nan.

Shekara 30 da ɗoriya ina kwance inji, kuma motocin da ake kawo mini da irin wannan ciwon, da yawansu an cire musu tamostat an haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin injinka sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa. In babu shi, ruwa na ta zagaye tun inji na sanyi, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ɗauka har yanzu ɗumi ake yi, sai ya yi ta ƙara fetur. Wannan rarar da ba ta ƙone ba ita ce ta ɓata maka yatsa. Ka haɗa da tafiyar kilomita 6 da sanyin hunturu, to injinka bai taɓa yin zafin da zai ƙone dattinsa ba. Ko yau aka wanke shi tas, in ba a gyara wannan ba, kafin damina ya koma gidan jiya.

Sai maganar magani. Kabon ba wuri ɗaya yake zama ba, kuma magani inda ya taɓa kawai yake ci.

Rawar silo, galibi daga bakin injekta take, wato maƙogwaron da iska ke bi, mai faranti a ciki. Tururin baƙin mai da ƙura kan taru a gefen farantin su yi danƙo su rage hanyar iska. Wannan ba ya buƙatar hayaƙi. A kwance shi, a fesa maganinsa a tsumma mai tsabta, a goge har ƙarfe ya fito. Amma ka tsaya a kansu: kada wanda ya fesa maganin kafireta a kan sensar iska da ke bayan iyakilina. Wayar cikinta siririya ce kamar gashi, tana da nata maganin daban, kuma ba a taɓa ta da hannu.

Na cikin tanki yana aiki a motarka, saboda nozul ɗinka a bayan bawul yake fesa fetur, duk abin da ke cikin man sai ya wanke bawul kafin ya shiga silinda. Sai dai ba kowace kwalba ba. Ka nemi wadda ke ɗauke da PEA, cikakken sunansa polyetheramine, shi ne ke jure zafin ƙuna har ya ci na kan fiston. Techron na kamfanin Chevron yana da shi, haka Gumout Regane da Red Line SI-1. Ka zuba kafin ka sha mai don ya gauraya, tankinka lita 50 ne, ka bi awon da aka rubuta a jiki. A hankali yake ci, sai ka ƙone tanki guda, wani lokaci biyu. Ka saya a shagon da ka yarda da shi, jabu ya yi yawa a kasuwa.

Kananzir a baƙin mai kuwa, don Allah Malam kada ka yi. Yana tsinka man, mital, wato ƙarfen da sandar inji ke juyi a cikinsa, ya rasa abin da zai kwanta a kai. Mafi muni, a tsohon inji yakan ɓamɓaro daskararren datti gaba ɗaya, ya gangara kasko ya toshe rariyar famfon mai. Na sha kwance injin da ya buga kwana biyu bayan irin wannan wankin, in ciro rariyar kamar an liƙe ta da kwalta.

Farin hayaƙin da ka gani, mafi yawansa maganin ne da kansa ke ƙonewa, domin akwai mai a cikinsa. Ko sabon inji ka shayar da shi zai yi hayaƙin. Kuma duk abin da ya fita ta kan sensar salansa da indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, yake bi.

Direban Kano zuwa Jos

Malam, ni abin ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Shekara uku ke nan. Motar da nake lodi da ita ta fara rawa, aka ce a shayar da ita ta tiyon birki. Da farko yaron yana ɗan taɓa bakin tiyon da maganin yana ɗagawa, inji na shaƙewa yana dawowa. Aka kira shi ya waiwaya, tiyon ya nutse har gindin kofi. Kafin ƙiftawar ido kofin ya ƙare, inji ya yi ƙwal sau ɗaya ya tsaya. Aka murɗa makulli, ko motsi. Da aka sauke kasko, kwanrod, wato sandar fiston, na silinda ta uku ya lanƙwashe kamar lauje. Mako biyu ban yi lodi ba, gyaran kuma da bashi na yi shi.

Ban ce maganin ba ya aiki ba, amma hannun da zai ba da shi sai wanda ya san abin da yake yi, kuma hankalinsa na wurin.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Baba. Mu da ke kan hanya kullum, da wuya ka ciro fuloginmu ka gan shi baƙi, launin ƙasa-ƙasa yake fitowa. Motarka hanya take so. In ka zuba na tankin, ranar Asabar ka ɗauki hanyar Wudil ka je ka dawo, ka bar inji ya yi zafi sosai, ka riƙa ba ta wuta inda hanya ta yi kyau. Kuma ka rage shan man 'yan bumburutu, ba ka san abin da ke cikin galan ɗin ba.

Mai Sikanin, Apo

Allah ya mayar da alheri, direba. Malam, tunda lissafi kake koyarwa, ga abin da ya sami motarsa. Injinka 1ZZ-FE cc 1,794 ne, ka raba huɗu, kowace silinda ta tashi kusan cc 449. Matsinsa 10 bisa 1 ne, ke nan idan fiston ya kai ƙololuwa, gurbin da ya rage a samansa bai wuce cc 50 ba, cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Da zarar abin da ya shiga silinda ɗaya ya fi wannan gurbin, fiston ba shi da wurin zuwa, sai kwanrod ya biya.

Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa masa, da neman afuwa. Fesa magani ta hanyar iska yana da ranarsa, amma ba a motar Malam ba. Motocin da ke shigowa yanzu masu tambarin GDI ko TSI ko FSI, nozul ɗinsu cikin silinda yake fesawa kai tsaye, fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Tururin baƙin mai ya sauka a bawul mai zafi ya gasu, babu mai wanke shi. A irin waɗannan, kwalba goma ka juye a tanki ba za ta kai wurin ba. Shi ya sa ake da gwangwanin feshi irin na CRC: a fesa bayan sensar iska, inji da zafinsa yana juyi wajen 2,000, a riƙa dannawa kaɗan-kaɗan ya shiga kamar raɓa, a kashe mota ta huta awa guda, sannan a hau titi da ita. Shi ma sabon datti mai taushi yake ci. In kabon ya riga ya zama dutse, sai an cire manifol an bugi bawul da niƙaƙƙen ɓawon walnut da iskar kwamfuresa, ana zuƙe shi da inji. Ɓawon ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba. Toyota ma a sababbin injinanta masu D-4S nozul biyu ta sa wa kowace silinda, ɗaya ciki ɗaya bayan bawul.

Shawarata, a sa wa motar kwamfuta tukuna. A duba zafin ruwa bayan tafiyar minti 20, nan za a gane zancen tamostat ba tare da kwance komai ba. A duba ko akwai lambar matsala P0171 (iska ta yi wa fetur yawa) ko P0300 (wuta na tsallake a silinda). Gaskit ɗin manifol idan ya tsufa yakan saci iska da sanyin safiya, ya ba da rawar silo iri ɗaya sak, kuma wannan babu maganin gwangwanin da zai gyara shi. A ciro bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin baƙin mai cikin hanyar iska, a girgiza, in bai yi ƙara ba a sauya, ba shi da tsada.

Totur ɗin 2006 na lantarki ne, kada yaro ya riƙa banƙara farantin da ƙarfi. Bayan gogewa silo zai iya hawa sama na ɗan lokaci kafin birenbos ya saba, kada ka tsorata.

Malamin Lissafi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da rahoto.

Baba, kamar kana wurin. Ina murɗa makulli fanka ta tashi, inji na sanyi. Da aka kwance gidan tamostat, wayam. Tun kafin motar ta zo hannuna aka cire shi, shekarun nan duk a haka nake yawo. Mun sa kwamfuta kafin a taɓa komai, bayan zagayen minti 20 zafin ruwa bai wuce digiri 64 ba. Lambar matsala ba ta fito ba.

Na je Kofar Ruwa na sayo tamostat da fulogi huɗu da PCV, aka mayar da fanka kan layinta. Bakin injekta ni na riƙe shi da hannuna ana gogewa, tsumma biyu suka yi baƙi, dattin gefen farantin har da kauri kamar ƙanzo. Na faɗa wa bakanikena ba za a shayar da ita ta tiyo ba, na ba shi labarin direba, bai yi musu ba.

Yau kwana biyar. Allurar zafi tana hawa tsakiya kafin in kai makarantar yara, abin da ban taɓa gani ba. Silo ya zauna, ko da AC. Ƙarar tsakuwar ta ragu amma tana nan kaɗan a hawan gada. Na zuba kwalba mai PEA na cika tanki, Asabar in Allah ya kai mu zan yi Wudil.

Saura tambaya ɗaya. A murfin baƙin mai an rubuta 5W-30, amma tun da na sayi motar 20W-50 ake zuba mini. Juye ya kusa, in koma na murfin ko in bar ta a kan wanda ta saba?

Tsohon Bakanike, Panteka

Madalla Malam. Ka bari tankin nan mai magani ya ƙare tukuna sannan ka yi juye, da sabuwar filta, domin kaɗan daga maganin da dattin da ya narkar sukan sauka cikin kasko. Ka zuba 5W-30 ɗin da aka rubuta, injin nan mai VVT-i ne, wato da baƙin mai ake sarrafa lokacin buɗewar bawul ɗinsa, ƙananan hanyoyin mai gare shi, mai kauri ba ya saurin isa sama da safe. Sai ka riƙa zaro sandar awo duk Juma'a, mota a wuri mai daidai, inji a sanyaye. In a kilomita 1,000 man ya sauka daga ɗigon sama zuwa rabi, ka dawo ka faɗa mana, zancen ya koma na ringin fiston.