Likita ya ce in riƙa motsa jiki, ni kuma ba fita nake ba

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni tela ce, a gida nake ɗinki a Kurna, shekaruna 43. Da yara sun tafi makaranta na hau keken ɗinki, salla da girki ne kawai ke tayar da ni. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa min, na je asibiti aka auna jinina 152/96, aka ce hawan jini ne. Likita ya ɗora ni kan magani, ya ce in rage gishiri kuma in riƙa motsa jiki. To ina za ni? Maigida ba ya son fitar sassafe, kuɗin gidan motsa jiki babu, gwiwata ta dama kuma in na tashi daga tsugune sai ta yi ƙara. Shara da wanki da taka keken ɗinkin da nake yi duk ba su isa ba ne?

Uwargida Mai Koko: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da lafiya. Mu a zamaninmu wa ya san wani motsa jiki? Surfe, daka, jan guga a rijiya, ki kai niƙa da ƙafa ki dawo. Yanzu komai inji, ko gidan maƙwabta sai an tare Napep. Ki fito da turminki, ki daka kwano ɗaya na gero ki ga ko ba za ki jiƙe sharkaf ba.

Anti Nas: Sannu Maman Biyu. Gaskiyar Mama ce, daka aiki ne, amma bari in ba ki ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar. Ba dole ki yi shi a lokaci guda ba, goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk lissafi ne. Yadda za ki gane ya kai: numfashinki ya ɗaga, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Shara a sunkuye ba ta cika kaiwa nan ba, sai dai ciwon baya. Taka keken ɗinki kuma idon sawu kawai yake motsawa, yana taimaka wa jinin ƙafa, amma zuciya ba ta san kina yi ba.

Kwana biyu a mako ki ƙara da abin da ke ƙarfafa tsoka. Mafi sauƙi kujera: ki jingina ta da bango, ki zauna ki tashi ba tare da dafa hannu ba, sau 10, ki huta, ki maimaita. Cinya in ta yi ƙarfi ita ke rage wa gwiwa nauyi. Kada ki riƙe numfashi wajen yunƙuri, yana sa jini ya hau. Batun gishiri, giram 5 ne iyakar yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma magin da muke zubawa a miya yana cikin lissafin. Magani kuwa kada ki daina don kin ji daɗin jikinki, hawan jini ba ya sallama.

Amarya 2020: Maman Biyu ki sayi igiyar tsalle, ki haɗa da shayin rage tumbi, wata ɗaya za ki ga canji.

Anti Nas: A'a ƙanwata, mai ciwon gwiwa ba ta farawa da tsalle. Shayin nan kuma da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ga shi tana kan maganin hawan jini. Ta bar shi.

Maman Sadik: Ni ma tela ce, ga abin da ya yi min aiki. Na kwashe dutsen guga da teburin yanka na kai su ƙarshen tsakar gida. Duk ɗinkin da na haɗa sai na tashi na je na goge na dawo, kafin la'asar ban san iya zirga-zirgar da na yi ba. Bayan asuba, kafin yara su tashi, ina zagaye tsakar gida ina azkar ɗina, in na ji kaina na juyawa sai in sauya hannu. Da silifas na fara, dunduniyata ta ɗauki ciwo, sai na sayi kambas na gwanjo. Ranar da gida ba kowa kuwa in kunna waƙar biki in rufe ƙofa, ba mai ganina balle ya yi dariya.

Yaya Babba: Batun maigida nake so in taɓa. Kada ki ce masa "zan fita motsa jiki", abin da zai zo masa a rai mata masu wando a bakin titi. Ki nuna masa katin asibiti, ki ce a bar ki ki riƙa raka yara Islamiyya da ƙafa cikin hijabinki. In da hali ma ku fita tare bayan isha'i, ai shi ma na san ba ya rasa tumbi. Yanzu da zafi ya kawo jiki, Kano tana haura digiri 40 a Afrilu, kada ki yi tafiyar rana, kuma ki sha ruwa kafin ki fita.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Dutsen guga dai yau zai koma bakin zaure. Anti Nas, in ina cikin yi na ji jiri fa?

Anti Nas: Ki tsaya nan take, ki zauna, ki sha ruwa. In ya maimaita ki gaya wa likitanki, wani lokaci maganin ne ke buƙatar gyara. Amma in ciwon ƙirji ne, ko numfashi ya sarƙe, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ba jiran gobe, asibiti kai tsaye. Gwiwar ma in ta kumbura ko ta yi zafi a kai ta a duba kafin ki ci gaba da na kujerar.